Adaftar Canon EF-EOS R bayan wata shida a Jidda

'Yan uwanmu masu ɗaukar hoton biki a Jidda da Makka da suka koma kyamarar Canon mai sabon bakin ɗaura lensi, wato RF, babbar damuwarsu ita ce kada lensinsu masu tsohon baki, wato EF, su zama kayan ajiya. Na yi wata shida ina aiki da wannan adafta mai haɗa lensin EF da bakin RF a kan kyamarar Canon R6, kuma ta ci kuɗinta.

Babu gilashi ko ɗaya a cikinta. Zobe ne mai kaurin milimita 24, yana cike bambancin nisan bakin kyamara zuwa sensa (farantin da ke ɗaukar hoton), milimita 44 a EF da 20 a RF, shi ya sa kyan hoto bai ragu ba.

Wajen ɗaurawa ne mutane ke yin ɓarna. Kashe kyamara tukuna. A R6, da ka kashe, labule ne ke sauka ya rufe sensa. Fara haɗa lensi da adafta: jan ɗigo kan jan ɗigo idan EF ne, farin murabba'i kan fari idan EF-S ne, wato lensin kyamarori masu ƙaramar sensa. Juya yadda hannun agogo ke tafiya har ka ji "ƙas". Sannan ka daidaita jan layin adafta da na kyamara, ka sake juyawa. In ya cije, kada ka tilasta, alamar ce ba ta hau daidai ba. Wanda hannunsa ya saba da Nikon ya kula, can akasin haka ake juyawa.

Makullin sakewa biyu ne, na kyamara da na adafta, kuma cikin gaggawar biki hannu na iya danna wanda ba shi ba. In duk lensinka EF ne, bar adafta a jikin kyamara kawai.

Ƙura ce babbar abokiyar gaba. Kifa bakin kyamara ƙasa, ba iska baya, sabon lensi na kusa an riga an sassauta murfinsa, a gama cikin daƙiƙa biyar. Don gwaji, ɗauki sararin sama a f/16, wato ka tsuke ƙofar hasken lensi. Baƙaƙen ɗigo a wuri ɗaya a kowane hoto na nufin ƙura ta hau sensa. Famfon iska na roba ake sa mata. Hurawa da baki yawu yake barin mata.

Ga kuma laimar Jidda. Ka fito daga ɗaki mai mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki), nan take gilashi ya yi gumi. Kada ka buɗe bakin kyamara a lokacin, bar ta cikin jaka kamar minti 20.

Idan allo ya nuna Err 01, lensi da kyamara ne suka daina jin juna. Goge 'yan ƙarafan nan masu launin zinariya da busasshen kyalle mai laushi, ka mayar. Lensin EF-M na kyamarorin Canon EOS M kuwa ba ya shiga wannan adafta sam.