Bikkuri da odoroku: wanne ake faɗa idan an firgita a harshen Japan?

'Yar'uwa, kin tambaya ko bikkuri suru da odoroku abu ɗaya ne, tunda an ce miki duk biyun mamaki suke nufi. Ma'anarsu ta yi kusa ƙwarai, amma kowanne da mazauninsa.

Bikkuri suru na baki ne, na hirar yau da kullum. Kina zaune wani ya dafa miki kafaɗa ta baya, ko iska ta bugo ƙofa da ƙarfi, abin da zai kuɓuce wa ɗan Japan shi ne "Bikkuri shita!" Ki lura da shita ɗin nan: sigar abin da ya riga ya faru ce, don kafin ki buɗe baki firgicin ya wuce. Idan da malami ko babba kike magana, sai ki ce bikkuri shimashita. Ana amfani da shi ga labarin da ya zo ba zato, kamar ki ji ƙawarki ta yi aure ba ki sani ba.

Odoroku kuwa ya fi nauyi. Shi ake yawan gani a jarida, da littafi, da jawabin taro, kuma ya fi dacewa da mamakin da mutum ya yi bayan ya dubi abu ya auna shi. A cikin harafin da ake rubuta shi, 驚, akwai alamar doki a ƙasa, wato dokin da ya zabura. Akwai jimlolin da shi ne ya saba zama a cikinsu: odoroita koto ni, wato "abin mamaki shi ne", da odoroku beki, abin da ya cancanci a yi mamakinsa. Ba kuskure ba ne ki ce odoroita, wato sigar odoroku ta abin da ya riga ya faru, idan an razana ki, sai dai a tsakanin ƙawaye bikkuri shita ya fi fita da sauƙi.

Inda na fi so ki kula shi ne ƙananan kalmomin da ke fita kafin waɗannan biyun, don nan masu koyo suka fi tuntuɓe. "E?" gajere na wanda bai yi tsammani ba ne. "Hee" mai ja na wanda ya ji sabon abu ya burge shi, babu tsoro a ciki. "Are?" na wanda ya laluba aljihu bai ji makullinsa ba. "Masaka" kuma na abin da zuciya ta ƙi yarda da shi.

Sai "Uso!" da "Maji de?" Asalin ma'anar uso ita ce "ƙarya", amma a bakin abokai ba ƙaryata mutum ake yi ba, kamar dai mu ce "Haba dai!" Maji de kuma "da gaske?" ne irin na samari. Duk biyun ki ajiye su ga sa'o'inki. Kada ki faɗa wa shugabanki a wurin aiki ko malaminki, domin za su iya jin kamar raini ne. Gare su ki ce "Hontō desu ka?"

A ganina, ki fara riƙe bikkuri shita da bikkuri shimashita, za su ishe ki kusan kowace hira. Odoroku kuma ki ɗauko shi ranar da za ki rubuta wasiƙar aiki ko ki tsaya gaban jama'a.