Gargaɗi: an fasa min cikon haƙora biyar da sunan cire guba

Haƙora biyar. Ciko biyar lafiya lau, shekara 12 suna bakina ba su taɓa damuna ba, wani mutum mai iƙirarin cire guba ya fasa su a zama biyu, ya kwashe ajiyar da na yi ta shekara guda.

Ni ba yaro ba ne, kuma ba na saurin yarda da mutum. Ciwon kai da kasala ne suka ƙi barina, sai na ga tallansa a Facebook. Ya ba ni cingam na tauna, ya zura wata na'ura a bakina, lamba ta haura. Ya girgiza kai ya ce, "Malam, zaiba ce take cin ka." Wallahi girgiza kan nan ce ta kama ni. Har yau ina ganinta. Ya ce Tarayyar Turai ma ta hana irin cikon da ke bakina, mai zaiba a ciki, tun 2025. Na duba a wayata a gabansa, gaskiya ne. To wa zai ƙi yarda?

Biyu daga cikin biyar ɗin yanzu ba sa jure ruwan sanyi, ɗaya ya tsage. Kafin nan ma, ko bayan zaman farko ne, ya sayar min da ƙwayoyin "wanke jini" na wata uku. Ciwon kai yana nan daram.

Likitar da ta duba tsagewar ce ta warware min. Kusan rabin cikon zaiba ce, haɗe da azurfa da kuza da tagulla, amma tururin da yake fitarwa kaɗan ne. Tauna cingam na ɗaga shi na ɗan lokaci, shi ya sa ya ba ni. Lokacin fasawar ne ma tururin ya fi yawa, ga naman haƙori mai kyau da ake ci. Turai sabon ciko ta hana, ba ta ce a cire tsoho ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) a 2020 ta ce masu juna biyu, ƙananan yara da masu ciwon ƙoda su guji yin sabo, amma kada a taɓa wanda yake lafiya. Bai faɗa min ko ɗaya ba. Ya sani sarai.

Ajiyar shekara guda, jama'a!

In cikonka bai fashe ba, ka bar shi. In an miƙo maka cingam, tashi ka fita.

Rasit da hotunan hirarmu suna hannuna, zan saka su in na rufe sunaye. Tun da na nemi kuɗina ya daina ɗaga wayata.