Kafin ka sayi injin DC: baƙin maganaɗisu, fari, ko mai kwayil?

Tunda sola ta yawaita, injin DC ya shiga gidaje da gonaki ba tare da mutane sun lura ba. Shi ne a cikin fankar sola, shi ne a sumo na burtsatse, shi ne a tayar babur da keke mai batir. Mai saye kuwa abu biyu yake dubawa, lambar wat da ke jikin kwali da farashi. Lambar nan ita ce abin da ya fi sauƙin ƙarawa a kan takarda. Abin da ba ya ƙaruwa da biro shi ne girman ƙarfen da ke juyawa a ciki da ƙarfin maganaɗisun da ke kewaye da shi.

Injiniyoyin da ke tsara waɗannan injuna suna farawa da abin da za mu kira lodin maganaɗisu, wato matsakaicin yawan kwararar maganaɗisu da ke ratsa ɗan sararin da ke tsakanin amecha (ƙarfen nan da ke juyawa a ciki) da jikin inji. Lissafinsa ba shi da wuya. A ɗauki yawan kawunan maganaɗisu, a ninka da kwararar kowane kai, a raba da faɗin fuskar amecha, wato π (wajen 3.14) sau kaurinta sau tsawonta. Amsar tana fitowa da ma'aunin tesla. Inji mai kawuna 4, kowanne da kwararar weba 0.006 (weba shi ne ma'aunin kwarara), amecha mai kaurin mita 0.15 da tsawon mita 0.1, fuskarta ta kai murabba'in mita 0.047, don haka lodinsa tesla 0.51 ne. Injunan DC na masana'antu galibi suna tsakanin 0.4 da 0.8. Abokin tafiyarsa shi ne lodin lantarki, wato yawan amfiya da wayoyi ke ɗauka a kowace mita ta kewayen amecha, wanda a irin waɗannan injuna yakan kama daga 15,000 zuwa 50,000.

Ga inda amfanin yake ga mai saye. Ƙarfin inji da kilowat shi ne π sau π, sau lodin maganaɗisu, sau lodin lantarki, sau kaurin amecha sau kaurin kuma sau tsawonta (duka da mita), sau yawan juyi a daƙiƙa, a raba da 1,000. Mu ɗauki ƙaramin inji mai baƙin maganaɗisu, amecharsa santimita 6 a kauri, 5 a tsawo, yana juyi 3,000 a minti. Idan muka ba shi tesla 0.25 da amfiya 12,000 a mita, abin da zai fito bai kai wat 300 ba. To in ka ga an manna masa 800, ko dai lambar ta 'yan daƙiƙu ce kafin ya ɗau zafi, ko kuwa dai ƙarya ce tsagwaronta. Ba sai ka kwance inji a shago ba. Awon jikinsa da gudun da aka rubuta sun isa su ba ka haske.

Mai karatu zai ce, to me ya hana a cika maganaɗisun, inji ya ƙanƙance, kowa ya huta? Ƙarfe ne ya hana. Kwararar ba ta bin ramukan da waya ke kwance, haƙoran amecha, wato ƙarfen da ke tsakanin ramukan, take bi, kuma haƙoran nan kusan rabin fuskar ne kawai. Saboda haka abin da ya zama 0.8 a sarari yana iya ninkuwa a gindin haƙori. Ƙarfen silikon da ake yin amecha da shi yana ƙoshi wajen tesla 2, shi ya sa masu tsarawa ba sa barin haƙori ya wuce 2.1 zuwa 2.2. Kamar lodin tirela ne: akwai inda in ka ƙara buhu, mai za ka ƙona, tafiya ba za ta ƙaru ba. Tun kafin a kai can ma asarar cikin ƙarfe tana hawa da sauri. Injiniya Charles Steinmetz ya nuna haka a 1892 game da asarar juyawar maganaɗisu, ita kuwa asarar wutar da ke kewaye a cikin ƙarfen tana ninkuwa huɗu idan kwararar ta ninku biyu. Duka zafi suke zama. Dalilin da ya sa ake jera amecha da siraran faranti na milimita 0.35 zuwa 0.5 ke nan, kuma in ka leƙa ka ga faranti masu kauri, an yi maka arha ne a inda za ka biya da batir.

Baƙin maganaɗisu, wanda ake kira farait, shi ne na talaka. Ƙarfinsa wajen tesla 0.4 ne, abin da ke isa sarari kuma bai kai haka ba, don haka injinsa kan yi girma da nauyi. Amma ba ya tsatsa, yana jure zafi har wajen digiri 250, kuma ko ya yi sanyin jiki da rana yana dawowa in ya huce. Lahaninsa shi ne fashewa. Faɗuwa ɗaya a kan siminti tana iya tsaga shi. Don fanka, ƙaramin famfon tanki, ko duk abin da zai zauna wuri ɗaya, ban ga dalilin biyan fiye da wannan ba.

Farin, mai ƙyalli, shi ne niyodimiyam. A 1984 aka fito da shi, Masato Sagawa a kamfanin Sumitomo na Japan da John Croat a General Motors na Amurka, kowa ta hanyarsa. Ƙarfinsa tesla 1.0 zuwa 1.4, kusan ninki uku na baƙin, shi ya sa ake iya cusa inji mai ƙarfi a cikin bututun burtsatse ko cikin taya. A nan ne ya kamata mai saye ya tsaya ya yi tambaya, domin ba duka fari ne ɗaya ba. Wanda lambarsa ta tsaya a N35 ko N42 ba tare da harafi a baya ba, iyakarsa kusan digiri 80 ne. Mai H yana kai 120, mai SH 150, mai UH 180. In ya wuce iyakarsa, ƙarfin da ya zube ba ya dawowa da hucewa, sai injin ya riƙa jan wuta da yawa don yin aikin da ya saba, zafi ya ƙaru, maganaɗisun ya ƙara raunana. Yanzu ka tuna da watan Afrilu a Kano ko Maraɗi, iska da kanta ta haura digiri 40, ga kwalta, ga fasinja da kaya, ga inji a rufe cikin taya. Digiri 80 ba nisa gare shi ba. Sumo bai cika shiga wannan matsala ba tunda ruwa ke sanyaya shi, muddin bai yi gudu a bushe ba. Amma na keke ko babur, ni dai ba zan saya ba sai an nuna mini H ko SH a takarda. Masu jure zafin sun fi tsada saboda sinadarai irin su disfurosiyam da ake ƙara musu, kuma Sin, wadda ke yin mafi yawan waɗannan maganaɗisu a duniya, ta sanya takunkumin izini kan fitar da shi a Afrilun 2025.

Na ukun ba shi da maganaɗisu na dindindin ko kaɗan, kwayil ne ke samar da shi. Yana cin wani kaso na wutar don haka, yana da nauyi, ga kabon da ke gogar amecha don kai mata wuta, wanda ke cinyewa. Sai dai kana iya ƙara ko rage lodin maganaɗisunsa, wanda aka haɗa kwayilinsa a jere da amecha kuma yana tashi da kaya mai nauyi kamar ba komai. Shi ya sa aka daɗe ana sa shi a kik na manyan motoci da injin ɗaga kaya. Irin wannan ba a kunna shi babu lodi, gudunsa zai wuce kima. Babbar fa'idarsa a wurinmu ita ce gyara. In ya ƙone, mai naɗin kwayil zai farfaɗo da shi, alhali inji mara kabon in kwantirolarsa, wato na'urar da ke raba masa wuta, ta mutu sai an samo irinta.

Ko wanne ka zaɓa, kankare bakin waya ɗaya ka gani. In ciki fari ne, alminiyam ne aka yi wa rufin jan ƙarfe, kuma alminiyam kashi 61 cikin 100 kawai yake ɗauka na abin da jan ƙarfe mai kaurinsa zai ɗauka. Sannan ka nemi harafin rufin waya (daban yake da na maganaɗisu) a jikin farantin inji: B digiri 130 ne, F 155, H 180. In babu farantin gaba ɗaya, ka ce wa mai shago ya haɗa shi da batir ya yi aiki da lodi na minti 20 a gabanka, ka sa mita ka ga amfiya nawa yake ja.