Gargaɗi ga masu sayen madabod na hannu a Katsina

Jama'a, musamman ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da na Poli da ke haɗa kwamfutar tebur da kuɗin da suka tara da ƙyar, a yi hattara. Akwai masu tallan madabod (babban allon da ake jona duk kayan cikin kwamfuta a kansa) na hannu a WhatsApp da Facebook, su ce kayan waje ne, lafiya lau. Hujjarsu ɗan bidiyo ne inda fanka ke juyawa, fitila na haske. Ka tura kuɗi, su aiko ta tasha, in ka yi ƙorafi su ce kai ka ƙona shi.

Juyawar fanka ba shaida ba ce. Bod ɗin da ya mutu murus ma yana iya juya fanka, don wuta kawai take buƙata.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne dabarar bulowa, wato na'urar hura iska mai zafi. Idan dalmar da ke ƙarƙashin wani cif (ƙaramin ɓangaren lantarki da ke manne a bod) ta tsage, sai a hura masa iska mai zafi, ya farfaɗo ya yi aiki na ɗan lokaci, sannan ya sake mutuwa bayan mai tallan ya toshe lambarka. Juya bayan bod ɗin a cikin haske. Wurin da ya dafe, ko ya yi danƙo, ko robar kusa ta narke, an gasa shi. Ka shinshina, ƙaurin ƙuna ba ya ɓuya. Ka duba kafasito, 'yan gwangwanayen nan da ke tsaye a kan bod, ko akwai masu kumburin kai. In na Intel ne irin LGA 1155 ko 1150, ƙusoshin suna cikin soket, wato mazaunin furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta), guda ɗaya in ya lanƙwashe ya isa ya jawo matsala.

Kuma don Allah kada ka gwada shi da kayanka masu tsada. Bod mai shot, wato wanda layukan wutarsa suka haɗe, yana iya tafiya da furosesa ko fawa fak (akwatin da ke ba kwamfuta wuta). Mai gyara ya fara auna layin 12V da na ƙasa (GND) da mita, ya ga ko akwai shot, kafin a ba shi wuta. Sannan a ɗora shi kan kwali, ba cikin akwatin kwamfuta ba, a sa tsohuwar furosesa da fankarta, RAM (katin ma'ajiyar aiki) guda ɗaya, a jona waya mai baki 24 da ta furosesa mai 4 ko 8, sai monita. A taɓa ƙusoshi biyu na PWR SW, inda ake jona makunnin kwamfuta, da bakin sukundireba don a kunna shi. A lokacin hunturu jikin mutum kan tara lantarki saboda bushewar iska, sai ka taɓa ƙarfe kafin ka kama bod, kuma ka riƙe shi ta gefe.

Abin da kake nema shi ne BIOS, wato shafin saitin bod, ya fito a monita. In ya fito, a bar shi ya yi zafi kamar rabin awa, a kashe a kunna sau da yawa, a gwada kowane ramin RAM da na USB. In agogo kawai ke komawa baya, batirin CR2032 ne mai bolt 3, wannan ba komai ba ne.

Ka ɗauki hoton lambar da ke jikinsa, don ana gwada maka ɗaya a naɗe maka wani. A rubuta lambar a rasit tare da kwanakin da za ka iya mayarwa. Wanda ya ce ba gwaji, ko ya ce yana sauri wani na jira, bar masa kayansa.