GitHub: inda na samu amsar tambayar da ta kayar da ni a intabiyu

Na gama digirin kimiyyar kwamfuta daidai lokacin da kasuwa ta juya wa irinmu baya. Meta ta sallami ma'aikata 11,000 a Nuwamba 2022, Google ta biyo da 12,000 a Janairu 2023, Microsoft ma 10,000 a watan. Mutanen nan ba gida suka koma suka kwanta ba, cikinmu suka faɗo. Gurbin da aka ce na sababbin shiga ne, sai ka tarar da mai shekara takwas a fagen a layi ɗaya da kai. A wata intabiyu, matar da ke min tambayoyi ta ce, "Ban da malaminka, wa ya taɓa duba kod ɗinka?" Wato rubutun umarnin da ake gina manhaja da shi. Na yi tsuru-tsuru.

Tambayar nan ce ta mayar da ni GitHub da gaske, dandalin da masu rubuta manhaja ke ajiye kod ɗinsu su yi aiki tare. Da ma ina da shafi a can, amma ba komai a ciki sai ayyukan aji da ko ni ba na son sake buɗewa.

Abin da ya fi min amfani shi ne manhajojin da kowa ke iya sa hannu a ciki. Masu kula da su kan yi wa ƙananan matsaloli alama don 'yan koyo. Na ɗauki wata da ta shafi kwanan wata, manhajar na sa lambar rana a gurbin lambar wata. Layi tara na gyara, na tura ina jin kaina. Washegari na tarar da sharhi goma sha ɗaya daga wani da ban san ko a wace ƙasa yake ba: sunan da ka ba wannan ɓangaren kod bai faɗi aikinsa ba, ina gwajin da zai kama matsalar idan ta dawo, me zai faru ranar 29 ga Fabrairu? Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Sai a turawa ta huɗu ya karɓa. Duk wannan ja-in-ja yana nan a rubuce, kowa na iya karantawa.

'Yan akwatunan nan kore da ke nuna ranakun da ka yi aiki, kada su ruɗe ka. Na ga masu canza waƙafi ɗaya kullum don shafinsu ya yi shar. Git kuwa, tsarin adana tarihin duk canjin da aka yi wa kod, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005 kuma a kansa aka gina dandalin, sai da na yi mako biyu kafin na daina tsoronsa.

GitHub ba zai ba ka abin da tsoffin hannu suka fi mu da shi ba, irin a tashe ka ƙarfe biyun dare sabar, wato kwamfutar da manhajar ke gudana a kanta, ta tsaya. Amma a intabiyun da na yi bayan wata biyar, maimakon su tsaya kan digirina, sharhi goma sha ɗayan nan suka buɗe, muka bi su ɗaya bayan ɗaya.