Sharhi Kan Fim Ɗin Best in Show

Fim ɗin Best in Show, wanda Christopher Guest ya ba da umarni a shekarar 2000, barkwanci ne da aka shirya shi tamkar rahoton gaskiya, inda kyamara ke bin masu karnuka biyar daga sassan Amurka zuwa wata gasar kyawun karnuka a birnin Filadelfiya. Guest da Eugene Levy ne suka tsara ƙashin labarin, amma yawancin maganganun 'yan wasan ne suka ƙirƙire su nan take, shi ya sa hirar ke fita kamar ta mutanen da ka sani.

Waɗanda suka fi taɓa min zuciya su ne miji da mata daga Florida, wato Levy da Catherine O'Hara. Ba su da kuɗi, har otal ya ajiye su a ɗakin adana kayan shara, duk da haka hankalinsu yana kan ɗan ƙaramin karensu Winky, wanda suke rera wa waƙoƙin da suka tsara masa. Fim ɗin yana sa a yi dariyar halinsu ba tare da ya wulaƙanta ƙaunar da suke yi wa dabbar ba, kuma wannan shi ne ƙarfinsa.

Fred Willard ya burge a matsayin mai sharhin gasa da bai san komai game da karnuka ba. Sai dai akwai kalamai na manya, don haka ba na yara ba ne. Tsawonsa kusan minti 90 ne, kuma na ga ya cancanci a saye shi.