IMDb da Tarihin Jarumai: Abin da Yake Bayarwa da Inda Yake Tuntuɓe

Duk mai son sanin shekarar da jarumi ya fara fim, ko fina-finan da ya fito a ciki, da wuya ya samu wurin da ya kai IMDb, shafin intanet mai tattara bayanan fina-finai da masu yin su. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Col Needham ne ya kafa shi a 1990, kamfanin Amazon ya saye shi a 1998. Shiga kyauta ne ta waya ko kwamfuta, sai dai talla tana da yawa, kuma babu Hausa cikin harsunan da shafin yake magana da su.

Ƙarfinsa yana wajen jerin ayyuka. A rubuta sunan Shah Rukh Khan, za a ga an haife shi ranar 2 ga Nuwamba 1965 a Delhi, a ga wasannin talabijin da ya yi kafin ya shiga fim a 1992, sannan komai jere shekara bayan shekara, an ware inda ya fito a matsayin jarumi da inda ya ɗauki nauyin shiri. Kowane mutum yana da lambarsa mai farawa da nm, kowane fim kuma tasa tana farawa da tt, kuma ana ganinsu a adireshin shafin. Lambar ce abin riƙewa, domin suna yana iya zuwa ɗaya, shi ya sa shafin yake liƙa wa masu suna iri guda I da II da III.

Akwai wani ɓangaren bincike da ake zuba sunayen mutum biyu ya fito da duk aikin da suka yi tare. Wannan yana da amfani ƙwarai lokacin da aka fara raɗe-raɗin cewa wane da wance suna soyayya don ana yawan ganinsu tare. Sau da yawa lissafin kan nuna furodusa ɗaya ne yake ta haɗa su saboda kasuwa ta karɓe su.

Inda ya kamata a taka a hankali shi ne bayanan rayuwa: aure, saki, tsawo, da guntayen labaran da ke ƙarƙashin sashen da ake kira Trivia. Duk wanda ya yi rajista yana iya tura bayani, ma'aikata su duba su saki, amma mai karatu ba ya ganin hujjar da aka kafa. Zancen da aka tsinto a mujallar gulma yana iya zama a nan shekara da shekaru, masu tashoshin YouTube su kwashe shi su ce ai IMDb ne ya faɗa, ƙarya ta samu gindin zama. Abin da ya shafi gidan mutum, a nemi bakin mai shi. Dandalin muhawara da ke shafin, inda ake baje irin wannan zargi, an rufe shi a Fabrairun 2017, kuma rufewar ta yi daidai. Ko ranar haihuwa ta taɓa jawo shari'a: wata jaruma a Amurka, Junie Hoang, ta kai ƙara a 2011 kan an bayyana shekarunta, ta ce hakan ya rage mata samun aiki, amma ba ta yi nasara ba.

A ɓangaren Kannywood kuwa akwai giɓi babba, kuma abin yana da ciwo. Ali Nuhu, wanda aka haifa a Maiduguri a 1974, aka kuma naɗa shi shugaban Hukumar Fina-finai ta Najeriya a Janairun 2024, yana da shafinsa, haka Rahama Sadau. Amma fina-finan zamanin kaset da faifan CD da yawa babu su, musamman waɗanda aka sayar a kasuwar Ƙofar Wambai ba tare da wata jarida ta rubuta komai a kansu ba. Ga matsalar rubutun suna: Adam da Adamu, Sadiq da Sadik, Maryam da Mariam, sai aikin mutum ɗaya ya rabu gida biyu. Fim mai kashi na ɗaya da na biyu wani lokaci a shigar da shi a matsayin guda. 'Yan wasan barkwanci da iyayen fim da suka rasu su ne suka fi shan wannan rashi.

Gyaran yana hannun masu shirya fim da masoyansu. A yi rajista da imel, a gangara ƙasan shafin fim ko na jarumi a danna wurin gyara, a rubuta suna daidai yadda ya fito a ƙarshen fim. Idan sabon fim ne, a saka shekara, ƙasa, harshe, darakta da manyan jarumai, a haɗa da adireshin tirela ko labarin jarida. Rashin wannan hujja ne ya fi sa a ƙi karɓa. Sanya hoton jarumi a kan shafinsa kuwa sai da IMDbPro, sashen shafin na 'yan sana'ar fim, wanda cikakken tsarinsa ake biya wata-wata ko shekara-shekara da kuɗin waje, shi ya sa shafukan jarumanmu da yawa suke zaune babu fuska.